Lambobin Girma Ga Masu Koyar Da Ilmin Tattalin Arziki

 Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne lambobin girma da ake ba mutanen da suka yi fice wajen koyar da ilmin tattalin arziki, watau inda aka samo wannan al'ada, da yadda ake zaɓen waɗanda suka cancanta, da amfanin da ƙasa take samu, da kuma ramukan da akan faɗa in ba a yi hattara ba.

Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan manomi ko ɗan tireda da lambar da za a rataya wa wani malami a wuya? Amsa ita ce, abin da ƙasa ta yaba shi 'ya'yanta suke himmantuwa su yi. In ƙasa ta yabi mai kuɗi kaɗai, samari za su bi kuɗi ta kowace hanya. In kuwa ta yabi wanda ya koya wa jama'a yadda ake samun dukiya da yadda ake riƙonta, to, masu basira za su yarda su tsaya gaban allo, su koyar da 'ya'yanmu abin da zai tsare musu guminsu. Saboda haka maganar ta shafi aljihun kowa a cikinmu.

ME YA SA AKE BUKATAR WANNAN ILMI?

Bahaushe ya riga ya ba wannan fanni sunan da ya dace da shi. Tattali shi ne kula da abu da ririta shi don kada ya salwanta. Ilmin tattalin arziki kuwa shi ne sanin yadda mutum, ko gida, ko ƙasa baki ɗaya, za su raba ɗan abin da suke da shi a kan bukatunsu masu yawa, da sanin dalilin da ya sa farashi yake hawa ko sauka, da abin da yake ƙara wa kuɗi daraja ko ya rage musu. Tarihin ƙasarmu ya nuna mana sau da yawa abin da sanin wannan yake jawowa, da abin da rashin saninsa yake haifarwa.

Ran 1 ga Janairu, 1973, Nijeriya ta bar fam da sule ta koma Naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama Naira biyu, sule ɗaya ya zama kwabo goma, alhali a tsohon lissafi kwabo goma sha biyu ne sule. Kafin ranar an daɗe ana wayar da kan jama'a a rediyo da jaridu da makarantu da kasuwanni, domin kada a cuci wanda bai gane sabon lissafin ba. Wannan aiki koyar da tattalin arziki ne, ko da yake ba a cikin aji aka yi yawancinsa ba.

A farkon 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi da bashin watannin baya, bisa shawarar hukumar Udoji. Kuɗi suka yawaita a hannun mutane a lokaci guda, kaya kuwa ba su ƙaru a kasuwa ba, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawarsa a wannan shekara ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Ma'aikaci ya ga ƙarin ya narke a hannunsa, manomi da lebura waɗanda ba su sami ƙarin ba suka sayi kaya da tsada kamar kowa.

A ƙarshen 1985 Gwamnatin Tarayya ta buɗe muhawara a faɗin ƙasa a kan ko a karɓi rancen Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya ko kada a karɓa. Jama'a suka ƙi, aka bar rancen, sa'an nan a 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar Naira. Haka kuma ran 29 ga Mayu, 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, aka sake jefa wa talaka tambayoyi masu nauyi. A kowane irin wannan lokaci ana neman ra'ayin ɗan ƙasa, ko kuma ana neman haƙurinsa, kuma ba zai iya ba da ko ɗaya bisa hujja ba sai ya fahimci abin da ake magana a kai.

Misali mafi ciwo shi ne na watan Disamba, 2016, sa'ad da shirin nan na MMM ya rufe asusun masu zuba kuɗi. An yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata. Hukumar Inshorar Kuɗin Ajiya ta Nijeriya ta bayyana cewa kimanin mutum miliyan 3 ne suka yi hasarar wajen Naira biliyan 18. Yaron da aka koya masa lissafin riba a makaranta zai iya zama da fensir ya ga cewa Naira 10,000, in ana juya ta da irin wannan riba har wata goma sha biyu, za ta haura Naira 230,000. Wace gona, wace masana'anta, wane fatauci ne yake ninka jari fiye da sau ashirin a shekara? Da ya yi wannan tambaya ya tsira. Rashin sani ya fi dare duhu.

LAMBAR NOBEL DA MALAMAN DA SUKA SAME TA

Lambar da ta fi kowace suna a wannan fanni ita ce wadda Babban Bankin ƙasar Suwidin ya kafa a 1968, lokacin da ya cika shekara 300, domin tunawa da Alfred Nobel. An fara ba da ita a 1969 ga Ragnar Frisch na Norwe da Jan Tinbergen na Holan. Saboda bincike ake ba da ita, amma in mun duba waɗanda suka same ta za mu ga malamai ne na aji, wasunsu ma koyarwarsu ta fi bincikensu isa ga jama'a. Paul Samuelson na Amurka, wanda ya same ta a 1970, ya rubuta littafin koyar da 'yan shekarar farko na jami'a a 1948, aka fassara shi cikin harsuna kimanin 40, ɗalibai miliyoyi suka fara sanin wannan ilmi ta hanyarsa.

Lambar 1979 ta fi kusa da mu. An raba ta tsakanin Arthur Lewis da Theodore Schultz. Lewis baƙar fata ne, an haife shi a 1915 a tsibirin Sen Lusiya, ya zama farfesa a Jami'ar Manchesta ta Ingila a 1948, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya sami lambar Nobel a wani fanni ban da na zaman lafiya. Ya yi nazarin yadda ƙasa mai yawan manoma take komawa mai masana'antu. A 1957 ya zama mai ba gwamnatin Gana shawara a kan tattalin arziki, a 1967 kuma ya wallafa nazari a kan bunƙasar arzikin Nijeriya. Tun a rahoton da ya rubuta wa Gana a 1953 ya yi gargaɗi cewa masana'antu ba za su tsaya da ƙafafunsu ba in an bar noman abinci a baya.

Schultz kuwa ɗan manomi ne daga jihar Dakota ta Kudu, ya koyar a Jami'ar Shikago. Abu biyu ya tsaya a kansu. Na farko, kuɗin da aka kashe wajen ilmantar da mutum jari ne kamar wanda aka sa a injin ko a gona, yana kuma ba da riba. Na biyu, ƙaramin manomi na ƙasashe matalauta mai lissafi ne, yana amfani da ɗan abin da yake da shi bisa hikima, abin da ya rasa shi ne ingantaccen iri da kayan aiki da ilmin zamani da farashi mai kyau.

Mu a nan ba mu bukatar a kawo mana shaida daga nesa. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa auduga suka sa rai za su kwasa. Manoman ƙasar Kano suka auna farashi da wahalar aiki, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in ciniki ya ƙi ana iya cinta, sai suka koma mata, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, har Kano ta zama cibiyar gyaɗa. Daga baya, cikin shekarun 1960 da 1970, David Norman da abokan aikinsa na Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suna rubuta aikinsu da amfaninsu. Suka tarar cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ake yi wa kallon rashin wayewa, ya fi ba manomi amfanin da zai dogara da shi, ya kuma rage masa hasara in damina ta yi gardama. Darasin da ke nan ga mai koyarwa shi ne ya fara daga abin da jama'a suka riga suka sani, ya ɗora musu a kai.

LAMBOBIN DA AKA KEƁE DOMIN KOYARWA

A ƙasar Amurka ne aka fi tsara lambobin da suka shafi koyar da wannan ilmi shi kansa. A 1949 aka kafa wata majalisa ta haɗin gwiwa domin yaɗa ilmin tattalin arziki a makarantun firamare da sakandare, wadda ta haɗa malamai da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago da na manoma. Kafin wannan, a 1947, wani mai kamfanin alewa, Calvin Kazanjian, ya kafa gidauniya saboda ya yi imani cewa yawancin rigingimun duniya suna da tushe a rashin fahimtar tattalin arziki. A farkon shekarun 1960 wannan gidauniya ta ɗauki nauyin gasar shekara-shekara ta malamai, majalisar kuwa tana gudanarwa.

Tsarin gasar shi ne abin lura. Malami zai rubuta abin da ya koyar, da yadda ya koyar da shi, da kayan da ya yi amfani da su, da shaidar cewa yara sun gane. An raba gasar mataki-mataki, domin kada a haɗa malamin ƙananan yara da na manyan ɗalibai a ma'auni ɗaya. Alƙalai su duba, su zaɓa, a ba da kyauta. Sa'an nan, kuma wannan shi ne mafi muhimmanci, a tattara darussan da suka yi nasara a buga su cikin littafi kowace shekara, domin malamin da yake wata jiha mai nisa ya karanta ya gwada a ajinsa. Ta haka kyautar da aka ba mutum ɗaya takan zama darasi a azuzuwa masu yawa.

Ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasar tana da lambobi da ta sa wa sunayen magabatanta. Akwai ta hidima mai sunan Bessie Moore, wata mata 'yar jihar Arkansas wadda ta fara koyarwa a makarantar ƙauye tun tana yarinya, daga 1962 kuma ta shugabanci majalisar ilmin tattalin arziki ta jiharta, ta horar da malamai masu yawa. Akwai ta bincike mai sunan Henry Villard, wadda ake ba wanda ya yi nazari a kan hanyoyin koyarwa da abin da ɗalibai suke ɗauka. Ƙungiyar masana tattalin arziki ta kudancin ƙasar ita ma tana da lambar gwanintar koyarwa mai sunan Kenneth Elzinga, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Bajiniya a 1967, dubun dubatar ɗalibai kuma suka bi ta ajinsa. Ku lura, an bambanta hidima da bincike da koyarwa, aka ba kowanne haƙƙinsa, domin gwanin wannan ba lalle ne ya zama gwanin wancan ba.

A ƙasashen Musulmi ma akwai irin wannan. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, wanda Nijeriya ta shiga a 2005, ya kafa lamba a 1988 domin masu hidima ga ilmin tattalin arziki da harkar banki bisa tsarin Musulunci, Khurshid Ahmad na Pakistan yana cikin waɗanda suka fara samu. Lambar Sarki Faisal ta Saudiyya kuwa ta je ga Muhammad Nejatullah Siddiqi a 1982, da Umer Chapra a 1990, dukansu saboda rubuce-rubucensu a wannan fage. Kada kuma mu manta da Muhammad Yunus na Bangladash, malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong, wanda a 1976 ya fita daga aji ya shiga ƙauyen Jobra, ya ranta wa mutum 42 kuɗin da bai wuce Dala 27 ba gaba ɗaya, domin su kuɓuta daga masu ba da bashi da ruwa. Daga nan Bankin Grameen ya samo asali, a 2006 kuma aka ba shi da bankin lambar Nobel ta zaman lafiya.

ABIN DA MUKE DA SHI A NIJERIYA

Ƙasarmu ba ta rasa magabata a wannan fanni ba. An kafa Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Nijeriya a 1957, ta fara buga mujallarta a 1959, tana kuma karrama manyan 'ya'yanta da matsayi na musamman. Pius Okigbo ya yi aikin lissafin dukiyar da ƙasa ta samar daga 1950 zuwa 1957, daga baya ya shugabanci hukumar rabon arzikin ƙasa wadda ta ba da rahoto a 1980. Ojetunji Aboyade ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya taimaka wajen tsara shirin raya ƙasa na biyu, na 1970 zuwa 1974, ya kuma zama shugaban Jami'ar Ife a 1975. Ɗaliban irin waɗannan malamai su ne suka cika ma'aikatu da bankuna da makarantu.

A 1979, da doka mai lamba 53, Gwamnatin Tarayya ta kafa Lambar Cancanta ta Ƙasa, wadda ita ce mafi girma da ake ba ɗan Nijeriya saboda aikin ilmi da basira. Mutum huɗu aka fara ba: Chinua Achebe, da Teslim Elias, da Adeoye Lambo, da Alhaji Abubakar Imam. Sunan na ƙarshen abin tunani ne gare mu. Abubakar Imam ya yi suna ne da rubutu cikin Hausa da kuma aikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, watau da bayyana wa talaka al'amuran duniya cikin harshen da yake ji. Ashe tun ranar farko ƙasa ta yarda cewa mai wayar da kan jama'a ya cancanci zama a sahu ɗaya da babban alƙali da babban likita.

Har ila yau, kowace ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya wadda aka fara kiyayewa a 1994, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya takan ba da lambobin Shugaban Ƙasa ga malamai da makarantun da suka yi fice. Lambar Cancanta ta manyan masana ce, ta ranar malamai kuwa ta haɗa dukan fannoni. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi da jihohi da ƙananan hukumomi da bankuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya shiga, su nemo malamin sakandaren da ya iya koyar da tattalin arziki, da malamin gona, da jami'in ƙungiyar gama kai, da mai shiri a rediyo, da uwar adashin da take koya wa mata ajiye lissafi.

YADDA ZA A AUNA, DA ABIN DA ZA A GUJE WA

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma da wane mudu za a auna malami? A nan ma masana sun bar mana darasi. Michael Kremer, ɗaya daga cikin ukun da suka sami lambar Nobel ta 2019 tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, ya yi gwaje-gwaje da abokan aikinsa a makarantun yammacin Kenya tun cikin shekarun 1990. A wani gwaji aka yi wa malamai alkawarin kyauta in ɗalibansu suka ci jarrabawa da kyau. Makin yara ya hau a lokacin gasar, domin malamai sun ƙara zaman bitar jarrabawa, amma zuwansu aiki bai ƙaru ba, da aka daina ba da kyautar kuma sai ƙarin makin ya ɓace. A wani gwajin aka raba wa makarantu littattafai, sai aka ga yaran da dama suke kan gaba su kaɗai suka amfana, saboda littattafan da Turanci aka rubuta su, sauran yara kuwa ba su iya karanta su sosai ba.

Daga waɗannan za mu fitar da ƙa'idodi. Na farko, kada a dogara da sakamakon jarrabawa kaɗai, domin yin haka yana koya wa malami hadda da bita, wani lokaci ma ya kai ga satar amsa. A je ajin a gani, a tambayi yaro ya bayyana da bakinsa dalilin da ya sa tumatir yake araha a lokacin rani a wuraren noman rani, ya yi tsada da damina. A tambaye shi, in mahaifinsa ya ɓoye Naira 100,000 a ƙarƙashin katifa, farashi kuma ya hau da kashi 25 cikin ɗari a shekara, kayan nawa kuɗin za su saya? In ya ce na Naira 80,000 a farashin bara, to, malaminsa ya yi aiki.

Na biyu, a duba inda malami ya tarar da ɗalibansa da inda ya kai su. Wanda yake koyar da yara tamanin a ƙauye ba tare da littafi ba, in aka auna shi da na makarantar birni mai ɗakin karatu da kwamfuta, an zalunce shi tun kafin a fara. A raba gasa bisa mataki da irin makaranta, a kuma kai sanarwarta har ƙauyuka.

Na uku, a ba harshen gida daraja. Malamin da ya iya bayyana hauhawar farashi, da kasafin kuɗi, da haraji, da canjin kuɗin waje cikin Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko Fulatanci ko Tibi, har tsohuwa mai sayar da daddawa ta gane, ya yi aikin da ya fi na mai haddace ma'anoni da Turanci. Manomin da ya karɓi buhu ɗaya da damina zai biya biyu da kaka yana bukatar wanda zai nuna masa, da harshensa, cewa ya biya ninkin abin da ya ci cikin 'yan watanni, ya kuma nuna masa hanyar ƙungiyar gama kai.

Na huɗu, a tsare mutuncin lambar. Ƙa'idodi su kasance a rubuce kowa ya sani, alƙalai su zama masu ilmin fannin waɗanda ba su da dangantaka da masu takara, a kuma bayyana dalilin zaɓen wanda aka zaɓa. Duk lambar da aka ce sai mutum ya biya kuɗi kafin a ba shi, ciniki ce, kuma ranar da jama'a suka gane ana sayenta, ranar darajarta ta zube har ga waɗanda suka same ta da guminsu. Haka nan kamfanin da ya ɗauki nauyin gasa a gode masa, amma kada a bari ya mai da aji wurin tallan hajarsa, ko ya hana malami faɗa wa yara illar bashi.

Na biyar, lamba ba ta zama madadin albashi. Malamin da ya yi watanni ba a biya shi ba, takardar yabo ba za ta saya masa mudun masara ba. A biya kowa haƙƙinsa a kan kari, sa'an nan a fifita gwani da kyauta. Kyautar kuma ta haɗa da abin da zai ƙara masa ƙarfi, kamar ƙaro ilmi da littattafai, tare da buga darussansa a raba wa sauran malamai kamar yadda muka ji an yi a Amurka.

KIRA GA JAMA'A

'Yan'uwa, wannan aiki bai tsaya ga hukuma kaɗai ba. Iyaye, ku riƙa tambayar 'ya'yanku abin da aka koya musu, ku sa su lissafta muku ribar sana'arku, in kun ga malami ya yi ƙoƙari ku faɗa wa shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, domin a san da shi sa'ad da ake neman sunaye. Shugabannin makarantu, ku riƙa ajiye shaidar aikin malamanku, kada lokacin gasa ya zo a rasa abin nunawa. Attajirai da ƙungiyoyin kasuwa, kyautar shekara-shekara ga gwanin malami a ƙaramar hukumarku ba za ta kai kuɗin biki ɗaya ba, amfaninta kuwa zai daɗe. Tsofaffin ɗalibai, ku tuna da wanda ya fara nuna muku bambancin jari da riba. Sarakuna da malaman addini, kalmar yabo daga bakinku a bainar jama'a tana da nauyin da kuɗi ba su da shi.

Ku kuma malamai, ku fita da yaranku zuwa kasuwa da gona da masaƙa da banki, su ga abin da ke cikin littafi da idonsu, gama gani ya kori ji. Ku rubuta abin da kuka gwada, wanda ya yi da wanda bai yi ba, domin na bayanku su amfana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya koyi tattali yana ɗan shekara goma sha biyar da wuya ɗan damfara ya raba shi da jarinsa yana ɗan arba'in.

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Mu nemo gwanayenmu a wannan fanni, mu yabe su tun suna da rai, mu kuma yi shi bisa gaskiya da adalci. Allah Ya albarkaci malamanmu, Ya ba ƙasarmu Nijeriya lafiya da zama lafiya da yalwar arziki.